Jirage Biyu a Tashar Santos

Na karanta saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ba na son likitan in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki bi layi. Gwaggo Nilza ce a gabanki, kuma da za a rage mata shekara talatin da tuni ta aure shi ta bar ni da wanke-wanke.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, ga inda muke. Sunana Jussara. Ina koyar da ƙananan yara a wata makaranta a unguwar Macuco, nan Santos, ina zaune da mahaifina a bene hawa na biyu. Mama ta rasu bara ana gab da Ista, kuma tun daga addu'ar bakwai Baba bai sake taka titi ba. Maza biyu ne a rayuwata. Ɗaya yana zuwa kowace Lahadi da kek a hannu. Ɗayan ina ganinsa a waya, in teku ya ga dama.

Na wayar shi ne Edivan, ɗan unguwar Vicente de Carvalho da ke tsallaken ruwa. Shekara huɗu ke nan yana gyaran ɗakuna a jirgin masu yawon hutu. Jirginsu yakan zo mana tare da zafi, ya yi ta kai da kawo a gaɓarmu, da sanyi ya fara leƙowa sai ya tsallaka Turai da shi a ciki. Kowace shekara yakan ce wannan ne kwantiragi na ƙarshe, da zarar ya ɗora wa mahaifiyarsa rufi. An ɗora rufi. Sai aka gano ashe gida yana son tayil.

Mai kek kuwa Heitor ne, likitan haƙori. Shi kaɗai ya yarda ya hawo benenmu da jakarsa lokacin da haƙoran robar Baba suka tsage, Baba ya ce gara ya ƙare rayuwarsa da shan romo da ya fita. Ya gyara, ya dawo ya duba, ya sake dawowa ya duba, har Baba ya ce masa, "Likita, haƙoran nan sun fi ni lafiya. In wani abu kake nema a gidan nan, tana kicin."

Lahadin da abin ya fara, taliya ce da gasasshiyar kaza kamar kullum. Gwaggo ta zo da wuri cikin rigarta mai manyan furanni ja, ta ajiye jakarta a kujerar Mama. Kullum haka take yi, wai don kada kujerar ta zauna tana kallonmu. Baba yana kan tebur da littafi a kife gefen faranti. Tarihi ya koyar har ya yi ritaya, kuma abin da ya fito da shi daga tarihi ra'ayi ɗaya ne: duk inda aka hau jirgin ruwa da murna, akwai wanda zai yi kuka a inda za a sauka.

Heitor ya jira aka yanka kek. Rigarsa shuɗiya mai haske, an goge ta har karinta zai iya yanka burodi. Ya goge bakinsa, ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur.

"Seu Otacílio," ya ce wa Baba, "na yi magana da likitanka na zuciya. Ya ce iska kake buƙata."

"Iska tana shigowa ta taga. Ba ta taɓa tambayata tikiti ba."

"Otacílio, rufe mana baki yaro ya yi magana," in ji Gwaggo. Yayarsa ce, ita kaɗai ta rage a duniya mai iya ce masa haka.

"Ina so mu yi sabuwar shekara a teku," in ji Heitor. "Mu huɗu. Kamfani biyu ne suka rage da ɗakuna."

Ya nuna hoton farko. Mai Kore ne. Mu 'yan Santos ba ma wahalar da harshenmu da sunayen kamfanonin nan, launin bututun hayaƙi muke kira. Mai Kore gari ne guda aka ɗora a kan ruwa, hawa kan hawa, da wurin zamiyar yara a samansa a murɗe kamar hanjin rago. Arewa yake yi, ya kai Salvador, ya dawo ya tsaya gaban Copacabana a kalli wasan wuta. Abinci ba ya yankewa, kiɗa ma haka.

"Wannan shi ne jirgi," in ji Gwaggo. "Maƙwabciyata ta hau bara, ta dawo ba rigar da ke shigarta."

Ya goge hoton ya kawo na biyu. Mai Ruwan Goro ƙarami ne, ya kwana biyu a duniya. Kudu yake yi, Montevideo da Buenos Aires. Kowa da teburinsa da mai hidimarsa tun daga ranar farko, ba a shiga cin abincin yamma da silifa, kuma akwai ɗakin karatu. Heitor ya faɗi wannan yana kallon Baba, kamar mai miƙa wa kyanwa kifi.

"Na san irin ɗakin karatun," in ji Baba. "Littafi biyu na Jamusanci da wani ya manta, da ɗaya na yadda ake rage tumbi."

"Ɗaki biyu zan kama," Heitor ya ci gaba da sauri, kunnuwansa sun yi ja. "Dona Nilza da Jussara, ni da kai."

"Ka taɓa kwana ɗaki ɗaya da tsohon da matarsa ta mutu? Muna magana cikin barci, likita, kuma ba da kai ba."

Heitor ya juyo gare ni.

"Ban biya komai ba tukuna. Ke za ki zaɓa, Jussara. Wanda kika nuna shi za mu hau. Sai dai ejan ya ce kada a wuce ƙarshen mako."

Ya mayar da hoton Mai Kore don in sake gani. Ban buƙaci gani ba. Na san launin kafet ɗin hanyoyinsa, na san inda ake ajiye keken zannuwan gado a hawa na tara, na san ƙaramin ɗakin da ba taga can ƙasa da ruwa. A cikinsa Edivan yake aiki. Baba ya sani, Gwaggo ta sani. Heitor ya san dai akwai wani a teku, bai taɓa tambayar suna ba, kuma ban taɓa sanin ko kunya ce ko wayo.

A kicin Gwaggo ta turo ƙofa da ƙugu, ta tsaya a bayana ina wanke tukunya.

"Ya sayi zobe."

"Gwaggo."

"Ni na raka shi. Daren da kyaftin ke gaisawa da fasinja zai ba ki, a gaban mai hoto. Na ce masa kada ya durƙusa da farin wando."

Na ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita.

"Kuma Mai Kore za ki zaɓa."

Na juyo. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. "Kin manta wanda ke aiki a ciki?"

"Don ban manta ba ne. Ke 'yar nan, shekara huɗu kina soyayya da hoto. Hoto ba ya wari, ba ya gumi. Ina so ki gan shi da safar roba a hannu, a durƙushe gaban masai, yana wanke aman wani ɗan São Paulo da ya sha ya fi ƙarfinsa. Ina so ki fito da safe ya matsa jikin bango ya ce miki barka da asuba, ranki ya daɗe. Gani ya kori ji. Kafin mu dawo kin warke."

"Aiki yake yi, Gwaggo, ba sata ba."

"Wa ya ce sata? Marigayi mijina dako ya yi a tashar nan har bayansa ya lanƙwashe. Amma yana dawowa gida ya yi min warinsa a kan gadona. Naki fa? Jiran gawon shanu kike yi, shekarunki suna tafiya. Shi ma ya gan ki da zobe ya huta. Kun ɗaure juna kamar kaji biyu a igiya ɗaya, ba mai iya tsattsaga. Tausayi ne nake muku, in kin ga dama ki kira shi mugunta."

Ta buɗe firji ta ɗebi ragowar kek ta naɗe wa kanta.

"Na ma saya miki ɗan kamfai ruwan hoda na sabuwar shekara, na sa'ar aure. Bara rawaya kika sa, na sa'ar kuɗi, kuɗin ma ba mu gan su ba."

Masu zagina, ga wurin da ya kamata ku zage ni. Raina ya biya. Ba don dalilin Gwaggo ba. Na hango mako guda a jirgin, ina buɗe ƙofa ina ganin Edivan yana tafiya da ƙafafunsa, ba hoto mai tsayawa cak in layi ya yanke ba. Na san dokarsu sarai: ma'aikaci ba ya zama da fasinja, ba ya taɓa hannunsa, ba ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, kuma akwai kyamara a kowace kusurwa. Wanda aka kama, a tasha ta gaba ake sauke shi. Duk da haka na tsaya da soso a hannu ina tunanin ko ganin ƙeyarsa kawai zai ishe ni. Kuma wani mutum ne zai biya min kuɗin ganin, da zobe a aljihunsa.

Bayan sun tafi na sami Baba a baranda, tsakanin shuke-shuken Mama. Kullum yana cewa ciyayi ne marasa amfani, kullum kuma shi ke ba su ruwa.

"Nilza ta gama huɗuba?"

"Ta gama. Baba, kai wanne kake so?"

"Ni ba na son ko ɗaya. Uwarki ce mai son jirage. Duk Asabar sai ta ja ni katangar bakin teku ta Ponta da Praia mu tsaya kamar marasa aikin yi, tana kaɗa wa baƙi hankici, su ma suna kaɗo mata, kowa yana zaton wani ya san shi. Takan ce wancan za mu hau, a'a wancan. Ni kuma in ce sai na yi ritaya." Ya tsinke wani busasshen ganye. "Na yi ritaya. Ita ma ta yi tata."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar ina yarinya.

"Zan gaya miki abu ɗaya," ya ce, "ki ajiye ko ki zubar. Ni na auri wadda nake so. Littattafai duk sun ce haka ake yi, na bi su. Ba wanda ya rubuta babin da ke biye. Ki dube ni da kyau, ni ne babin. Ki auri mutumin da in ya mutu za ki iya cin abincin rana. Likitan nan mutumin kirki ne. Za ki yi masa kuka na mutunci, ki share ido, ki ci gaba da zama mutum."

"Baba, wannan ba shawara ba ce, baki ne."

"A shekaruna da wuya a bambance su."

Washegari a makaranta, yara suna barcin rana a kan tabarminsu, na rubuta wa Edivan: "Asabar kuna Santos. Ina son ganinka, ba a waya ba."

Sai da aka kwana amsa ta zo: "Zan gwada, Ju. Kin san ranar sauke da ɗauka ce. In shugabarmu ta bari, ƙofar ma'aikata, da rana tsaka."

Abin da ba ku sani ba game da auren teku ke nan, ku masu cewa ai jirgin yana zuwa garinmu kowane mako. Ranar da ya zo gida ita ce ranar da mai gyaran ɗaki ba ya ɗaga kai. Dubban mutane sun sauka da safe sun bar ɗakuna kamar an yi yaƙi, wasu dubban suna layi a waje da akwatuna, kuma kowane gado sai ya koma kamar ba a taɓa kwanciya a kansa ba. Edivan yakan ga Salvador, ya ga Búzios, yana da hotuna a biranen Italiya. Santos ce kaɗai ba ya gani.

Na sa doguwar rigata rawaya mai ƙananan furanni, wadda ya taɓa cewa yana hango ta tun daga saman jirgi. Na ɗaure gashina, na kwance, na sake ɗaurewa. A kasuwar titi na saya masa pastel, soyayyen ƙullin fulawa mai nama a ciki, da zafinsa, da ruwan rake.

Ƙofar ma'aikata tana gefe, nesa kaɗan da babbar ƙofar gilashi ta fasinja, bayan inda motocin kaya ke juyawa. Yaran jirgi na ƙasashe iri-iri suna zaune a jere jikin bango, kowa ya sunkuya a kan waya yana magana da wata uwa ko wani jariri. Masu sayar da layin waya da sabulu suna zagayawa. Mu kuma masu jira muna tsaye a rana da robobin abinci, mun san juna da fuska, ba ma tambayar suna.

Ruwan raken ya fara ɗumi kafin ya fito. Kayan aiki ne a jikinsa, ruwan toka, da sunansa a ƙirji. Ya rame. Da ya rungume ni na ji warin maganin wanke banɗaki da lemon tsami, kuma na tuna Gwaggo, na ji haushin kaina. Bayan hannunsa duk ya tsattsage.

"Ju, kin yi kyau. Wannan nawa ne?" Ya cinye pastel ɗin a tsaye, loma uku. "Wallahi na yi mafarkinsa a Genova. Yaya Seu Otacílio? Har yanzu yana faɗa da duniya?"

"Duniya ce ta gaji ta bari. Edivan, tsaya ka ji."

Na faɗa masa duka. Ya san da Heitor, ban taɓa ɓoye masa ba, yakan kira shi mai fincike haƙori yana dariya. Na faɗi tafiyar, da jirage biyu, da zoben. Ban faɗi dalilin Gwaggo ba. Ina magana ina kallon maɓallin rigarsa, don na san in na kalli idonsa ba zan kai ƙarshe ba. Abin da nake jira bai fi kalma biyu ba. Kada ki je. Ko ma ya zage ni.

Da na ɗaga kai sai na ga abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Murmushi ne ya hau, daidai wa daida, haƙora a waje, ido ba ya ciki. Irin wanda ake koya musu.

"Ku zo namu mana," ya ce. "Namu ya fi. Mai Ruwan Goro tsoho ne, da an yi kudu yake fara rawa, Seu Otacílio zai sha wahala. Ki ce wa ejan ya ba ku hawa na tara, tsakiya, can ba a jin inji. Kada ku yarda da ɗakin da ke ƙarƙashin wurin rawa, ko da an rage muku. Ranar Salvador ku fita da wuri kafin layi."

"Ka ji abin da na ce kuwa? Zobe ya saya."

"Na ji. In an sanar da mu akwai baiko, mukan naɗe tawul mu yi tsuntsaye biyu a kan gado, baki da baki, mu watsa furanni. Na iya sosai. Har daga wasu hawan ake kirana in yi musu."

"Edivan. Shekara huɗu, ba abin da za ka ce min sai tawul?"

Ya kalli wani wuri ta saman kafaɗata. Na'urar da ke ƙugunsa ta yi ƙara. Ya miƙo min kofin ruwan raken, bai sha rabi ba.

"Ɗakuna suna jirana. Allah ya ba da hutu lafiya."

Haka ya ce. Abin da suke ce wa kowane fasinja. Ya nuna katinsa ga mai gadi ya shige, bai waiwayo ba.

Ban yi kuka a wurin ba, don matan da ke jira suna kallo, kuma kowacce tana da nata. Na taka har tashar bas, na zauna, na ciro waya na rubuta wa Heitor: "Mai Ruwan Goro."

Ko numfashi ban sauke ba amsa ta shigo: "An gama. Na san shi za ki zaɓa saboda Baba. Na gode, Jussara." Da hoton ɗan jirgi, da zuciya shuɗiya.

Ba saboda Baba ba ne. Ku kaɗai nake gaya wa. Na zaɓe shi ne don kada Edivan ya naɗe min tawul. Kuma na san abin da na amsa ya wuce jirgi, don mace ba ta hawa jirgin da ta san akwai zobe a ciki sannan ta ce ba ta sani ba.

Gwaggo ta yi fushin yini guda. "Kin zaɓa mana jirgin tsofaffi, za mu shiga sabuwar shekara da masu sanda." Daga baya ta tuna zobe zobe ne ko a kwalekwale aka ba da shi, ta tafi neman takalmi.

Abin da ban yi tsammani ba daga Baba ya zo. Na ce masa kudu za mu yi. Da yamma na same shi ya sauko da wasu littattafai daga saman kabad, ya baza taswira a kan teburin cin abinci, yana bin bakin kogin Prata da yatsa.

"Na koyar da yaƙe-yaƙen kogin nan ga yaran da ke barci har gashina ya yi fari," ya ce, "ban taɓa ganin launin ruwansa ba. An ce kamar kofi da madara. Ƙila ƙarya ce. Yawancin abin da na koyar ƙarya ce."

Ranar Talata na dawo daga makaranta na tarar ya yi aski, ya sa takalmi, yana zaune a bakin gado da hularsa a gwiwa.

"Ba ni da farin wando, kuma fari kowa ke sawa a daren. Ba zan shiga sabuwar shekara kamar mai zuwa jana'iza ba, na je wadda ta ishe ni."

Muka sauka benen yana riƙe da hannuna, mataki ɗaya, hutu ɗaya. A ƙofar gida ya tsaya ya runtse ido, rana ta yi masa yawa. Mai gidan burodin da ke kallonmu ya fito da tire a hannu ya saki baki.

"Ban mutu ba, Seu Anacleto. Rufe bakinka, ƙuda zai shiga, a ce burodinka ne."

A hanya ya yi ta sukar komai, sabon fentin kantin magani, tsadar wando, kiɗan da ke tashi a shago. Ni kuwa ina jin nauyin hannunsa a nawa. Da muka fito da leda ya tsaya a gefen titi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwarki za ta ce na ci amanarta."

"Ko ta ce ka makara."

"Za ta faɗi duka biyun. Ba ta taɓa barin magana ɗaya ta tafi ita kaɗai ba."

Wandon ya yi masa tsawo. Jiya da safe ya sa shi ya tsaya gaban madubin kabad ɗin Mama, ni kuma na durƙusa a ƙafarsa da allurai a baki ina naɗe ƙasan. Wayata tana kan gado. Ta yi ƙara, ta sake, ta sake. Haka saƙonnin Edivan ke zuwa, a tare, in jirgi ya matso kusa da gaɓa. Tun ranar Asabar ban ji daga gare shi ba, kuma na riga na gaya wa kaina ba zan buɗe ba. Na miƙa hannu na kara a kunne.

Muryarsa ƙasa-ƙasa, da gurnanin inji a baya.

"Ju, shugabarmu ce tsaye a bayanki ranar, tana shan sigari tana kallona. Da na buɗe baki na faɗi abin da ke raina, da a wurin zan zube. Na nemi fuskar da zan sa, ban sami wata ba sai ta aiki. Ashe ita kaɗai ta rage min."

Na biyu:

"Jiya na naɗe wa wasu tsuntsayen nan. Na gama, na watsa furanni, sai na ga na zauna a bakin gadonsu. Ba a yi. Ban san tsawon zaman da na yi ba."

Na uku ya fi tsawo.

"Na je ofis na ce na ajiye aiki. Sun ce wanda ya karya kwantiragi a tsakiyar zafi ba ya sake hawa jirginsu, na ce na sani. Sun roƙa in kai su ƙarshen tafiyar Kirsimeti, na yarda. Zan sauka Santos da jakata ranar da za a ɗebi 'yan sabuwar shekara. Ban gaya wa mahaifiyata ba, ban san da bakin da zan gaya mata ba. Ba ni da aiki, ba ni da zobe. Kada ki hau kowane jirgi, Ju. Ki tsaya min a ƙofa."

Ranar da za a ɗebi 'yan sabuwar shekara rana ɗaya ce ga jiragen biyu. Mai Kore zai sauke shi, Mai Ruwan Goro zai ɗauke mu, a tasha ɗaya, ƙofa tana kallon ƙofa. In na tsaya masa, Heitor ba zai ja tsoho da tsohuwa su tafi ba ni ba, Baba kuma zai hau benen nan ya cire takalminsa, kuma na san ba zai sake saukowa ba sai an sauko da shi.

"Wane ne?" in ji Baba daga sama.

Allurai suna bakina, na gode musu. Na girgiza kai.

Bai matsa ba. Hankalinsa yana kan madubi. Ya juya gefe, ya ja cikinsa, ya gyara ƙugun wandon, kuma na ga gefen bakinsa ya motsa yadda bai motsa ba tun Mama tana asibiti.

"Kada ki rage da yawa, 'yata," ya ce. "An ce akwai rawa a Buenos Aires. Ba yi zan yi ba, amma ina so wandon ya yi kama da na wanda zai iya."

Na soka allurar. Na dubi wayar a kan gado. Alamar saƙonnin ukun ta riga ta koma shuɗiya, Edivan ya san na ji, kuma a ƙarƙashin sunansa an rubuta yana kan layi.